Gidanmu ginin ƙasa ne a cikin kwari, wane shiri za mu yi wa ambaliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu ginin ƙasa ne, a wata unguwa mai kwari a Haɗeja. Bara ruwa ya shigo mana har gwiwa, katangar baya ta zube. Ba mu da halin tashi. Me ya kamata mu yi kafin damina ta kankama?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya kiyaye gaba.

Malam, fara da gindin bango, domin daga nan ginin ƙasa yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a jikin bango kwana ɗaya ko biyu yana jiƙa tubalin ƙasa har ya koma laka, nauyin azara da rufi kuma na danne shi daga sama, sai ya durƙushe, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Tun a watan Mayu ko Yuni, a yi wa gindin bangon dakali na siminti ko na dutse, tsayinsa ya ɗara inda ruwan bara ya tsaya. Shatinsa na nan a bango, je ka duba. A cike tsakar gida yadda zai gangara zuwa rariya, a yashe rariyar da kwatar ƙofar gida, a gyara indararo ya riƙa zuba nesa da bango. Indararon da ke tsiyaya a jikin gini shi kaɗai ya isa ya ka da ɗaki.

Buhun yashi yana taimako idan an iya jera shi. Kada a cika shi fam, rabi ko kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya bi jikin ɗan uwansa. A jera kamar yadda magini ke jera bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, a tattake kowane layi. Amma rage ruwa yake yi, ba ya tare kogi.

Takardun fili da na makaranta, katin ɗan ƙasa da maganin masu hawan jini ko ciwon suga su shiga leda biyu, cikin jaka ɗaya tare da tocila da ɗan kuɗi, a rataye inda kowa ya sani. Hatsi a ɗora kan katako ko a kai ajiya gidan ɗan uwa a tudu.

Abin da ya fi duk wannan shi ne sanin lokacin fita. Ruwan Haɗeja yakan gangaro daga saman kogi, ta wajen madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachalla kuma ta toshe masa hanya, don haka yana iya cika gari rana na haske. A riƙa sauraron sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, da hukumar agajin gaggawa ta jiha a rediyo. Ruwa ba ya jiran gari ya waye: a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. Tun yanzu a tsayar da tudun da za a nufa da hanyar da za a bi, da wanda zai ɗauki tsoho ko jariri. Kafin fita a kashe wuta daga mita, a kwance dabbobi daga turke, akuyar da ke ɗaure nutsewa take. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya ka da babba, na santimita 30 kuma yana iya jan ƙaramar mota. Babur ma ba a maganarsa.

Bayan ruwa ya janye, a ɗauka masai ya haɗu da rijiya. A tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. In gudawa ta kama wani, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ana ba shi ana tafiya asibiti. A kakkaɓe tabarma da takalma saboda maciji da kunama. Ɗakin da ya tsage ko gindinsa ke da laushi idan an danna da yatsa, kada a kwana a cikinsa sai magini ya duba.