Me Bahaushe ke nufi da "zanen ƙasa"?

Wata ɗaliba daga Argungu ta rubuto cewa malaminsu ya sa su zana gulbi da itatuwa da mutanen da ke bakinsa, ya kira aikin "zanen ƙasa". Tana tambaya ko sunan ya dace.

'Yata, malaminki bai yi kuskure ba, amma kalmar tana da santsi. In kika ce wa dattijo "zanen ƙasa", zai iya zaton taswira kike nufi, wani ma hankalinsa ya tafi wajen masu bugun ƙasa da ke jan layi a rairayi. Ni da zan ce "zanen shimfiɗar ƙasa". Ya fi tsawo, amma ba ya ɓatar da mai ji.

Santsin daga "ƙasa" yake. Da ita muke kiran turɓayar da ake shuka a ciki, da ita muke cewa abu ya faɗi ƙasa, da ita kuma muke cewa ƙasar Kabi, ƙasar Najeriya, ɗan ƙasa, kishin ƙasa. Bahaushe bai raba wurin da yake takawa da wurin da ake danganta shi da shi ba. Saboda haka in kin zana gulbin Matan Fada da masunta riƙe da homa da gora, ba ruwa kaɗai kika zana ba. Duk Bakabe zai gane gida, ya tuna bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Haka Bazamfare da Dutsen Kwatarkwashi. Ko tambarin Najeriya dubi shi: baƙar garkuwa ƙasar noma ce, fararen layukan kuma kogunan Kwara da Binuwai ne da suka haɗu a Lokoja, kuma ta Kabi Kwara ke shigowa.

Wani kuma daga Gusau ya tambayi ma'anar "hali zanen dutse". Abin da aka zana a rairayi iska na shafe shi, na dutse kuwa ba ya kankaruwa. Haka halin mutum. A kan duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da ya daɗe da binne masu yin sa. Sai dai, malam, ka ja wasalin farko na "zanen". In ka gajarta shi, ka ɗaura wa dutse zane ke nan.