Sun yi min jugum, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata ta kwana a Jihar Katsina. A zangon nan shugabar makaranta ta ɗora min aikin ba ɗalibai shawara. Ranar Alhamis da yamma na tara 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare su 22, na ce kowacce ta faɗi abin da ke damunta. Minti 40 muka yi babu wadda ta ce uffan, sai guda ɗaya da ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko za a yi jarrabawa a kai. Yaya zan yi su saki jiki da ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sai da na yi dariya da na zo kan tambayar yarinyar nan, don ita ce ta faɗa miki gaskiya. A wurinsu aji suka shigo, kuma ke ce malamar da ke riƙe da jan biro. Kada ki ga laifin kanki. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ambaci ba ɗalibai shawara, amma har yau a makarantu da yawa haka ake yi, a ɗora wa malami aikin da safe a ce ya fara da yamma. Ni ma haka na shige shi.

Ki tuna su waye a gabanki. Yara ne 'yan shekara 11 zuwa 13, wasu wannan ne kwanansu na farko ba a ɗakin uwa ba. A gida an koya musu in babba na magana a sunkuyar da kai. Ke kuma kin ce su buɗe miki ciki a gaban mutum 21 da za su koma ɗakin kwana tare. Ko ni ce, shiru zan yi.

Ki fara da rage su. 22 taro ne. Ki raba su uku, bakwai ko takwas a kowane zama. Ki fita daga aji, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, ki zauna a ƙasa cikinsu, a yi da'ira yadda kowa na ganin fuskar kowa. Rajista da biro ki bar su a ofis.

Ni da kacici-kacici nake buɗewa, saboda babu yarinyar da ke jin tsoronsa. Ina cewa "Ƙulun ƙulufit", kafin in rufe baki an amsa "Gauta!", to kin ga kowa ta riga ta yi magana ba ta sani ba. In jefa mai sauƙi, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, su ce tsintsiya. Daga nan in ce su ma su gwada ni. A nan ne abin yake. Lallai wata ta kawo wanda ban sani ba, in yi ta kame-kame, a ƙarshe in ce na ba ki gari. In ba ta Funtuwa ta ƙi karɓa, ta ce sai dai Makka. Ranar da yara suka ga malama ta faɗi a gabansu, ta yi dariya, ba ta hukunta kowa ba, zaman ya canza kama. In akwai wadda ba Bahaushiya ba, ki ce ta kawo na yarensu ta fassara, ki ga yadda sauran za su zuba mata ido.

Wanda na fi so shi ne labarin suna, amma a zama na biyu. Kowacce ta faɗi sunan da ake kiranta a gida da dalilinsa. Ke za ki fara da naki. Za ki ji Ladi ta ce ran Lahadi aka haife ta, Azumi a watan Ramadan, Kande ta ce ita ce mace bayan maza uku, Ummi kuma sunan kakarta aka mayar mata, shi ya sa babanta ba ya iya faɗinsa. Cikin minti goma kin san wadda ke auta, wadda ta taso a hannun kaka, wadda gidansu ke da yawa, kuma ba ki yi wa kowa tambayar ƙwaƙwa ba.

Sai dai ki yi hattara, don ni na taɓa ƙonewa. A shekarata ta farko na ce kowacce ta faɗi wanda ta fi kewa a gida. Ina ganin tambaya ce mara nauyi. Da aka zo kan wata siririyar yarinya, sai ta ja hijabi ta rufe fuska, ta tashi da gudu. Ashe a hutun da ya wuce mahaifiyarta ta rasu, ni ban sani ba. Ta yi mako uku ba ta dawo zaman ba. Tun ranar na kafa doka: duk wadda aka zo kanta tana da ikon cewa "na wuce", kuma ba mai tambayarta dalili. Ki sanar da wannan tun kafin a fara. Ki kuma nemo wani ɗan abu, ko ƙwallon goruba ne, wadda ke riƙe da shi ita kaɗai ke magana. Yana taka wa masu surutu birki, kuma mai kunya tana samun abin murzawa a hannu.

Wasan kada ya wuce minti goma, in ba haka ba sai ya cinye zaman, su ɗauka lokacin gaɗa ne.

Maganar damuwa kuwa, ki jira sai zama na uku ko na huɗu. Ki raba 'yan takardu iri ɗaya, kowacce ta rubuta abu ɗaya da ke hana ta barci, ba suna, a naɗe a jefa cikin kwano. Ke kaɗai za ki karanta, don sun san rubutun juna. Za ki ga an rubuta kewar gida, manyan ɗalibai masu aike da ƙwace sabulu, fitsarin kwance, da fargabar jinin al'ada. Wadda ta rubuta za ta ji wasu uku sun rubuta irin nata, ki dubi yadda kafaɗunta za su sauka.

Abu ɗaya ba na so ki yi: kada ki rantse musu cewa komai suka faɗa ba zai fita ba. Ki ce musu maganar da aka yi a tabarma a tabarma take tsayawa, sai fa in wani na cutar da ɗayarku ko tana shirin cutar da kanta, a nan dole in nemo mata taimako, kuma ita zan fara sanar wa. In takarda irin wannan ta fito daga kwano, kada ki karanta ta a fili. Ki soke ta a jaka, ki ce duk mai son ganina ni kaɗai, ina ofis gobe bayan La'asar.