Na samu ciki ina goyo, an ce in yaye yaron nan take

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina goyon yaro ɗan wata 10, yayarsa kuma shekararta 3 da 'yan watanni. Makon jiya aka tabbatar mini a asibiti ina da cikin wata biyu. Da surukata ta ji, sai ta ce in cire shi daga nono nan take, wai nonon mai ciki gurɓatacce ne, shi ke sa yaro zawo da rama, idan na ci gaba alhakinsa yana wuyana. Maigidana ya ce shi ba ya ja da mahaifiyarsa, in yi yadda ta ce. Yaron kuwa bai kama abinci sosai ba, da dare ma ba ya barci sai da nono. Ni ga laulayi, ga rigimar babbar. Shin haramun ne in ci gaba da shayar da shi? Idan na yaye shi bai cika shekara biyu ba ina da zunubi? Idan kuma na ƙi yaye shi na saɓa wa miji?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya abin da ya ba ki, ya sauke ki lafiya.

Shayar da yaro da ciki a jiki halal ne, babu zunubi a cikinsa. Kuma ba da ƙiyasi ko ra'ayin wani malami aka gano haka ba, mas'alar da kanta ta zo gaban Manzon Allah (SAW). Larabawa ma suna da wannan tsoron da surukarki take da shi, har suna da sunan da suke kiran abin da shi, wato gila. Imam Malik a Muwaɗɗa da Imam Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, ita kuma daga Judama 'yar Wahbu, cewa ta ji Annabi (SAW) yana cewa: "Na yi niyyar in hana gila, sai na tuna Rumawa da Farisawa suna yin haka, kuma ba ya cutar da 'ya'yansu." Imam Malik ya fassara gila da mutum ya kusanci matarsa tana shayarwa. Ibnus Sikkit, masanin lugga, ya ce ita ce mace ta shayar tana da ciki. Kowace fassara aka ɗauka hukuncin bai canza ba, don dama abin da ake tsoro a ta farkon shi ne kada ta kai ga ta biyun. Muslim ya kuma kawo hadisin Usama ɗan Zaidu, cewa wani mutum ya gaya wa Annabi (SAW) yana yin azalu (zubar da maniyyi a waje) ga matarsa saboda tausayin ɗan da take goyo, sai ya ce masa: "Da wannan yana cutarwa, da ya cutar da Farisawa da Rumawa."

Ina so ki lura da hanyar da hukuncin ya bi. Annabi (SAW) ya yi niyyar hani bisa abin da ya shahara a bakin mutanensa, sai ya dubi al'ummu biyu masu ɗimbin jama'a, waɗanda ba Musulmi ba ma, ya ga abin da ake tsoro bai same su ba, sai ya fasa. Ashe a irin wannan mas'ala abin dubawa shi ne ko cutar ta tabbata a zahiri, ba yawan masu faɗar ta ba.

Wani zai iya kawo miki hadisin Asma'u 'yar Yazidu da ke wajen Abu Dawud da Ibnu Majah, wanda ya ce kada ku kashe 'ya'yanku a ɓoye, domin gila tana riskar mahayi ta kayar da shi daga kan dokinsa. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinsa, wasu sun raunana shi, kuma bai kai ƙarfin hadisin Judama ba. Waɗanda suka karɓe shi, irin su Ibnul Ƙayyim, sun ɗauke shi a matsayin shiryarwa zuwa ga abin da ya fi wa yaro, ba haramci ba. Ko a gidan Annabta an samu haihuwa kusa da kusa: an haifi Sayyidina Hasan a Ramadan na shekara ta 3 bayan hijira, aka haifi Sayyidina Husaini a Sha'aban na shekara ta 4. Tsakaninsu bai cika shekara ba, kuma ba a ji wanda ya zargi Nana Faɗima da cutar da ɗanta ba.

To amma kada ki ɗauka surukarki ƙarya take yi. Abin da idonta ya gani gaskiya ne: ana ganin yaron da aka yi wa ƙane da wuri ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafu su kumbura, zawo ya ƙi tsayawa. Inda aka kuskure shi ne wajen gano dalili. A shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ta yi bayanin wannan cuta ta tamowa, ta kuma kira ta da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashoko, ma'anarsa ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan an yi masa ƙane. Abin da ta gano shi ne yaran nan an raba su da nono ne aka bar su da abincin da ba ya gina jiki. Wato ba nonon da suka sha ne ya lalata su ba, nonon da aka hana su ne. Zawon ma galibi daga nan yake zuwa, don a wannan shekarun yaro yana rarrafe, yana kai komai baki, an fara ba shi abinci da ruwa a kwanon da ba lalle ne ya tsabtata ba, ga kariyar da yake samu daga nono an yanke masa ita rana ɗaya.

Abin da likitoci suka tabbatar game da nonon mai ciki shi ne ba ya zama guba. Yana raguwa, musamman daga wata na huɗu zuwa na biyar, ɗanɗanonsa yana sauyawa, daga baya ya koma dakashi saboda jaririn da ke tafe. Shi ya sa yara da yawa suke sakin nono da kansu kafin a haihu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Ɗan wata 10 da bai kama abinci ba, mafi yawan abin da ke riƙe da shi nonon ne. Cire shi kwatsam shi ne ainihin hatsarin, kuma madarar shanu ba ta maye gurbin nono ga yaron da bai cika shekara ba.

Sai maganar shekara biyu. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku "ga wanda ya yi nufin cika shayarwa". Wannan ƙarshen jimlar shi ya nuna shekara biyu cikar shayarwa ce, ba iyakar da duk wanda ya gaza ta ya yi laifi ba. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa ya haɗa wannan da ayar Suratul Ahƙaf da ta ce ciki da yaye wata 30 ne, ya ce wanda ya yi wata 9 a ciki, wata 21 na nono ya ishe shi. Saboda haka yaye kafin shekara biyu ba zunubi ba ne a kan kansa. Sai dai ayar ta Baƙara ta sa masa sharaɗi: "Idan suka yi nufin yaye bisa yarda daga gare su su biyu da shawara, babu laifi a kansu." Su biyun nan uba ne da uwa. Malaman tafsiri sun ce ɗayansu ba shi da ikon yanke wannan shi kaɗai, kuma shawarar da ake nufi ita ce duba maslahar yaron. A cikin ayar dai Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗansa.

Wannan haƙƙi na jariri Shari'a ba ta wasa da shi. Matar nan Bagamidiya, wato 'yar ƙabilar Gamid, da ta kawo kanta tana da ciki a tsayar mata da haddin zina, Annabi (SAW) ya mayar da ita sai ta haihu, da ta haihu ya ce ta je ta shayar har ta yaye. Ba ta dawo ba sai da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa a hannu, ta ce ga shi ya fara cin abinci. Haddin Allah ya jira cikin yaro ya ƙoshi. Sayyidina Umar kuma, a daren da shi da Abdurrahman ɗan Aufu suke gadin wani ayarin fatake a Madina, ya yi ta jin kukan jariri. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san shi ba ne, ta ce yaye shi take son yi da ƙarfi, don Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Ya yi sallar asuba kuka yana hana a ji karatunsa, sannan ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, daga yau kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa. Shugaba ya canza dokarsa don kada a yaye yaro kafin lokaci, ina ga magidanci da maganar cikin gida?

Don haka ga amsar tambayarki ta uku. Biyayya ga miji a cikin ma'arufi take, kuma ƙa'ida ita ce babu cuta babu cutarwa. Idan yayen gaggawa zai jefa yaron cikin tamowa, ƙin yin sa ba saɓon miji ba ne, ba ki da zunubi. Kaka tana da girma da haƙƙin a saurare ta, amma ayar ba ta sa hukuncin yaye a hannunta ba. Shi kuma maigida, ka ji tsoron Allah ɗan'uwa: "ba na ja da mahaifiyata" magana ce mai kyau a wurinta, amma ba ta sauke maka nauyin da Allah ya ɗora maka kai da sunanka na uba. Biyayyar da za ka yi mata a nan ita ce ka zauna ka fahimtar da ita da ladabi, ba ka tura matarka ta yi karo da ita ba. Kuma ayar da ta yi maganar shayarwa ita ce ta ce ciyar da masu shayarwa da tufatar da su yana kan uba. Mace mai ciki mai goyo baki uku take ciyarwa da jiki ɗaya.

Ke ma kada ki mayar da wannan fatawa sandar dukan surukarki. Tsoron jikanta take ji, ba ƙiyayya ba ce. Idan zai yiwu ku tafi awon ciki tare, ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, sau da yawa abin da ba za a karɓa daga bakin suruka ba ana karɓarsa daga bakin baƙo.

Akwai inda hukuncin yake juyawa, kuma wannan sai likita. Tsotson nono yana sa mahaifa ta ɗan motsa. Ga mai lafiyayyen ciki wannan ba komai ba ne, amma wadda take zubar jini, ko ta saba ɓari ko haihuwar bakwaini, ko tana ɗauke da tagwaye, ko jininta ya yi ƙasa sosai tana ramewa, ana iya ce mata ta daina. Idan likita amintacce ya faɗa miki haka, to yayen ya zama abin nema, yana iya kaiwa ga wajibi idan ana tsoron rasa cikin ko lafiyarki, domin wanda ke ciki ma rai ne mai haƙƙi. A wannan halin wajibi ne a kan uban ya samar wa yaron abin da zai maye gurbin nonon, madarar jarirai da ta dace da watanninsa ko mai shayarwa. Idan mai shayarwa aka samu, a rubuta sunanta da na 'ya'yanta a ajiye, saboda shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa.

Ko da lafiyarki ƙalau, tunda nonon zai ragu nan da wata biyu ko uku, fara shiri tun yanzu. Ki dage wajen koya masa abinci sau uku zuwa huɗu a rana, mai gina jiki ba mai cika ciki kawai ba, a riƙa auna nauyinsa. Idan kin ga jikinki ba zai ɗauka ba, ku yi shawara da mijinki ku rage a hankali, a fara janye na rana ɗaya bayan ɗaya, a bar na dare ya zama na ƙarshe. Gajiyar uwa ma uzuri ce da Shari'a take dubawa, ba sai kin faɗi ba. Idan kuma ya ci gaba da sha har kika haihu, babu laifi ki haɗa su, sai dai jaririn ne a gaba, shi zai fara sha ya ƙoshi.

Ba ki tambayi azumi ba, amma na san zai zo. Hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi ya tabbatar da rangwame ga mai ciki da mai shayarwa, ke kuma kin haɗa duka biyun. Idan Ramadan ya riske ki a haka kina tsoron kanki ko ɗayan yaran, ki sha, ki rama idan kin samu iko. Ciyarwa tare da ramuwa akwai saɓani a kanta, mashhurin mazhabar Malik shi ne mai shayarwa tana ciyarwa, mai ciki ba ta yi. Idan lokacin ya zo ki sake tambaya da bayanin wanne ne ya hana ki azumin.

Ita kuma babbar, rigimar da take yi yanzu mai yiwuwa ta ƙaru, don ta ga cinyar da take hawa ta ƙara yi mata nisa. Wannan aikin babanta ne ya ɗauke miki, ya riƙa jan ta a jiki idan ya dawo, shi ya kwantar da ita. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta.

Wallahu a'alam.