Cooey ko Winchester: wa ya ƙera wannan bindigar?

Tambaya: Malam, ina karatu a Kanada. Na ziyarci wani dattijo manomi, ya nuna mini tsohuwar bindigarsa ta farauta mai baki ɗaya. A jikinta an buga "Cooey", an kuma buga "Winchester". Ya ce a zamaninsu da wuya ka shiga gidan gona ba ka tarar da irinta ba. Kamfani ɗaya ne, ko jabu ce? Kuma ina masu ita suka shiga?

Amsa: Ba jabu ba ce, ɗan'uwa. Sunayen nan biyu ma su ne suke gaya maka shekarunta: an ƙera ta ne tsakanin 1961 da 1979.

Herbert William Cooey makaniken injuna ne, ya buɗe ɗan shagonsa a Toronto a 1903. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ya samu kwangilar yin sassan bindigogin soja, a nan hannunsa ya faɗa. A 1919 ya fito da tasa ta kansa, Canuck, mai cin ƙaramin harsashin nan na .22 ɗaya-ɗaya. Kasuwa ta buɗe har Toronto ta yi masa kaɗan, a 1929 ya kwashe kayan aikinsa zuwa Cobourg, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Ontario.

Abin da ya ɗaukaka Cooey shi ne ya san mai sayen kayansa. Manomi ne mai son zomo a tukunya, mai fama da dabbobin da ke yi masa ɓarna a gona, kuma kuɗinsa ba yawa. Don haka babu ado, babu tarin sassa. In ka riƙe irin mai harsashi ɗayan nan za ka gane nufinsa: ka saka harsashi, ka rufe, amma ko ka taɓa kunama ba za ta tashi ba, sai ka kai hannu baya ka ja wani ɗan kan ƙarfe da yatsu biyu ka ɗana ta. Wannan ɗan jinkirin ya sa iyaye suka amince su koya wa 'ya'yansu harbi da ita. Ni a ganina a nan gwanintar mutumin take, kuma ba a yaba masa yadda ya kamata ba, don masu tara bindigogi sun daɗe suna yi mata kallon kayan talaka. Manomin da ke nesa da gari ma yana iya zaɓenta a littafin kayan kantin Eaton's a aiko masa.

A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya yi wa sojan Kanada Model 82 don horar da sababbin kurata. Bayan yaƙin, a 1948, aka fito da Model 84, bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya da ake karya ta a tsakiya a zura harsashi. Bisa kwatancenka, ita ce ko ƙanwarta Model 840 dattijon ya nuna maka.

Abin ya fara juyawa ne a 1957, lokacin da Hubert, ɗan Herbert Cooey, wanda ke riƙe da kamfanin, ya rasu. Tsoho ya dawo bakin aiki, amma shekaru sun ja. A 1961 ya sayar wa kamfanin Olin na Amurka, masu kamfanin bindigogi na Winchester. Su kuwa ba su goge sunan Cooey ba, don sun san shi manoma suka sani, sai suka ƙara nasu a gefe. A 1979 suka rufe masana'antar Cobourg, bayan shekara hamsin cif tana aiki. Olin ɗin ma ba su daɗe ba, a 1981 suka sayar da babbar masana'antarsu ta Winchester da ke birnin New Haven na Amurka.

Guda ɗaya ta tsira. Model 64, wadda ke loda kanta bayan kowane harbi, ta koma hannun Lakefield Arms, daga baya Savage Arms suka sayi Lakefield, kuma a garin Lakefield na Ontario suka ci gaba da ƙera ta da sunan Savage 64.

In ka koma wurin dattijon, roƙe shi ya karya ta ka ga ba komai a ciki, sannan ka duba lambar samfurin da ke jikin ƙarfen: 84 ko 840.