Ga uwar da 'yarta ta daina fitowa daga ɗaki

'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 15 ta kusa wata biyu tana kulle kanta a ɗaki, ta bar zuwa Islamiyya, abinci sai an yi da gaske, dangi kuma sun ce aljanu ne. Na ga irin wannan a gidana, shi ya sa na kasa yin shiru.

A Tudun Wadan Zariya muke. Ɗana ba ya fashin ƙwallon yamma, amma tun da sakamakon JAMB ya fito makinsa bai kai ba, ya daina fita. Rana barci, dare ido biyu. Abu kaɗan sai faɗa, har ƙannensa suka koma tsoronsa. Ni kuwa na ɗauka lalaci ne, na yi ta yi masa gori da 'ya'yan maƙwabta da suka samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru. Wallahi har yau gorin nan yana ci min rai. An yi rubutu, an yi ruƙiya, wata huɗu babu sauyi.

Wata rana ina tsintar shinkafa na kira shi ya taya ni. Ban kalle shi ba na ce, "Babana, me ke damunka?" Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Umma, da na mutu da kun huta."

Washegari muka tafi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa. Suka ce ciwon damuwa ne, suka haɗa masa magani da zaman tattaunawa, suka ja kunnenmu cewa maganin kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada mu tsayar da shi da kanmu. Addu'a ba mu bari ba, tare muka haɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da irin waɗannan larurori, don haka ki cire tsoron za a ce 'yarki ta haukace ko ta rasa miji. Ba kowa za ki faɗa wa ba.

Ki zauna da ita ku biyu, ba tsawa, ba wa'azi. Tunda mace ce, ki bi a hankali ki ji ko wani ya taɓa ta ko yana tsorata ta, a makaranta, a waya, ko cikin gida. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi ma take ba shi. Yau ɗin nan ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyi ki kulle. In ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, ku tafi asibiti a ranar. In Shika bai yiwu ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

Wata biyu ya isa haka, Maman yarinya. Ki samu mahaifinta ku yi maganar a daren yau.