Ƙananan Kawar Teku: Jinsi Biyar Ne Ko Ɗaya?

TAMBAYA: Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata sakandare a Yawuri. Ƙanena da ke aiki a Legas ya kawo mini ɓawon ƙananan kawa da ya tsinto a bakin teku, kowanne bai kai babban yatsa ba, gefe ɗaya dogo, ɗayan kamar an datse. Ɗalibaina sun ware su kashi biyar bisa launi. Shin jinsi biyar ne? Kuma 'yan uwan ƙumbar da ake samu a Kogin Kwara ne?

AMSA: Malama, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, Allah ya ƙara wa yaran nan basira. Siffar da kika faɗa ta dangin Donax ce, masu zama cikin yashi daidai inda igiyar ruwa ke karyewa. Ruwa na janyewa sai su kafa tsokar ƙafarsu, kafin ƙiftawar ido sun nutse.

Amma a rushe rabon nan na launi. A cikin waɗannan halittu launi ne ya fi komai yaudara. Donax variabilis na gaɓar Amurka, wanda aka yi wa suna a 1822, jinsi ɗaya ne, ga shi ana samunsa fari, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, har mai ratsi-ratsi.

Abin da nake so yara su yi shi ne su juya ɓawon su dubi cikinsa. Kowa ya bi bakin ɓawon da farce daga ciki. Zai ji kaushi kamar haƙoran zarto, ko kuwa sumul? Da wannan kaɗai ake fitar da Donax variegatus, mai sumul ɗin baki, daga 'yan uwansa biyu na Turai, trunculus da vittatus, waɗanda bakinsu ke da tsaga-tsaga. Su biyun nan kuwa sun fi wuyar rabuwa: sai an haɗa ɓari biyun, a ga na trunculus ba su daidaita sosai ba, bayansa kuma ya fi santsi. Na gaɓarmu ta Afirka ta Yamma, Donax rugosus, datsattsen gefensa a tattare yake, ana jin sa a yatsa. Daga nan a duba mahaɗar ɓari biyun da gilashin ƙara girma, a ƙirga ƙananan haƙoran da ke wurin. Kada a kwatanta ɓarin dama da na hagu, wannan na rikita ɗalibai sosai.

Ƙumbar Kwara dangi ne na nesa. Cikinta na sheƙi, 'ya'yanta kuma sai sun maƙale a jikin kifi kafin su girma, alhali na Donax yawo suke yi cikin ruwan teku. Ainihin 'yar uwar Donax ta ruwan daɗi ita ce Galatea paradoxa, mai kaurin ɓawo, da ake ci a Kuros Riba da ƙasan Kogin Bolta na Gana.

Ki roƙi wani basarke ya samo miki ƙumba biyu, ki jera su da na Legas. Ki kuma sa ƙanenki ya riƙa rubuta wurin da ranar da ya tsinci kowane ɓawo, ya fi neman masu ɓari biyu a haɗe.