Amsa: Shin laifi a jinin baƙaƙen fatar Amurka yake?

Ɗan'uwa, ka ce baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin ɗari ne na mutanen Amurka, amma kusan ɗaya cikin kowane fursunoni uku nasu ne, kana tambaya ko halittarsu ce haka. Alƙalumanka daidai ne. Jini dai ba ruwansa.

Fara da unguwa. A shekarun 1930 hukumomin tarayya suka zana taswirorin birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, wai kasada ce a ba mazaunansu bashin sayen gida. A can kuwa gida ne gadon da uba ke bar wa ɗa, kuma harajin gidaje ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin makarantun unguwa. Sai a 1968 aka haramta wariya wajen sayar da gida ko haya. Sannan masana'antun Detroit da Chicago suka yi ta rufewa, samari suka rasa abin yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986. Giram 5 na daskararriyar hodar iblis, mai araha wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa, a wancan lokacin ɗaurin shekara 5 ne aƙalla. Garinta kuwa, na masu hali, sai ka kai giram 500 kafin wannan hukuncin ya hau kanka. A 2010 Obama ya sa hannu aka rage tazarar daga ninki 100 zuwa 18.

Kashe-kashe a waɗannan unguwannin gaskiya ne, ba na musu, kuma iyayen da ke binne 'ya'yansu yawanci baƙaƙen ne.